Dajin Tafkuna na Arewacin Minnesota: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Niyyar Zuwa

A wurinmu daji wurin aiki ne. Manomi ya shiga, mai itace ya shiga, makiyayi ya shiga, amma ba a cika jin wanda ya ce zai je daji ya kwana huɗu don ya huta ba, balle a wannan zamani da sunan daji kaɗai kan sa gaban mutum ya faɗi. Shi ya sa duk ɗan gida da ya zo Amurka karatu ko aiki, ya ji ina maganar dajin tafkunan arewacin Minnesota, sai ya jero mini tambayoyi. Ga waɗanda aka fi yi mini, da amsoshinsu gwargwadon abin da na sani da abin da na gani da idona.

Wai ina ne wurin?

A kusurwar arewa maso gabashin jihar Minnesota yake, a kan iyakar Amurka da Kanada. Sunansa Boundary Waters, wato ruwayen kan iyaka. Faɗinsa ya kai eka miliyan 1.1, kusan murabba'in kilomita 4,400, ke nan ya kusa ninka dajin Yankari sau biyu. A cikinsa akwai tafkuna fiye da 1,000 da wuraren yada zango fiye da 2,000. Yana cikin babban gandun daji na Superior wanda Shugaba Theodore Roosevelt ya ware a 1909, kuma hukumar gandun daji ta tarayya ce ke kula da shi. Ta arewa ya haɗe da dajin Quetico na lardin Ontario, ta yamma kuma da gandun Voyageurs.

Kudu maso gabas da shi Tafkin Superior ne, wanda ya fi kowane tafkin ruwan daɗi faɗi a duniya, murabba'in kilomita 82,000 da ɗoriya. Tafkin Chadi a shekarun 1960, lokacin yana cike, bai wuce kusan 25,000 ba. In ka tsaya a gaɓarsa ba ka hango ɗaya gaɓar, kuma igiyar ruwansa irin ta teku ce.

Me ake zuwa yi? Kallon ruwa kawai?

Tafiya ake yi a kwalekwale. Ka tuƙa da filafili ka ƙetare tafki, ka sauka, ka ɗauki kayanka da kwalekwalen kansa ka bi wata 'yar siririyar hanya a cikin itatuwa har ka fito tafki na gaba, ka sake zuba kaya, ka sake tuƙi. In la'asar ta yi ka nemi zango ka kafa tanti. Gobe kuma haka. Tsakanin nan akwai kamun kifi, da wanka in ruwan ya ɗan yi ɗumi, da zama shiru.

Shirun nan shi ne abin da ban taɓa iya bayyana wa mutum sosai ba. Babu titi, babu gida, babu igiyar lantarki. A galibin tafkunan an hana jirgi mai inji. Tun 1949 aka hana jirgin sama saukowa ƙasa da ƙafa 4,000 a sararin dajin. Safiyata ta farko a can, bayan na yi asuba na zauna a kan dutse, hazo ya kwanta a kan ruwa kamar an shimfiɗa auduga. Ina jin ɗigar raɓa daga reshe zuwa kan tanti, ɗis, ɗis. Can sai wani tsuntsun ruwa da suke kira lun ya saki kuka daga tsakiyar hazon, doguwar murya mai kama da kiran wanda ya ɓata, wani ya amsa masa daga bayan tsibiri. Na yi shekaru ban ji wurin da babu ƙarar injin komai ba sai ranar.

Da gaske mutum ke ɗaukar kwalekwale?

Da gaske, kuma mutum ɗaya. A tsakiyar kwalekwalen akwai wani katako mai matashi biyu, sai a kifa shi a kan mutum, matasan su zauna a kafaɗu, kai ya shige ciki. Ba a ka ake ɗauka ba, don haka gammo ba shi da aiki a nan. Wanda ake bayarwa haya yanzu, na Kevlar, wani zare mai ƙarfi mara nauyi, nauyinsa kusan kilo 20 ne. Na alminiyam ya fi araha amma ya fi nauyi ƙwarai, kuma kafaɗa za ta gaya maka.

Tsawon waɗannan hanyoyi na tsakanin tafkuna ana auna shi da wani tsohon ma'auni mai suna rod, kusan mita 5, daidai da tsawon kwalekwale ɗaya. Rod 320 ne mil guda. In ka ga an rubuta 30 a taswira, abu ne na 'yan mintuna. In ka ga 200, ka gyara zama, domin akwai dutse, akwai saiwa, akwai laka da kan kai gwiwa, ga sauro ya san hannuwanka biyu suna riƙe da kwalekwale. Sabon shiga ya nemi hanyar da lambobinta ƙanana ne.

Su wa ke da ƙasar tun asali?

Mutanen Ojibwe, waɗanda ke kiran kansu Anishinaabe. Hanyoyin da masu yawon hutu ke bi yau ƙafafunsu ne da na waɗanda suka gabace su suka fitar, da kwalekwalen da suke ɗinkawa da ɓawon itace. Tafkin Superior a harshensu Gichigami ne, babban ruwa. A yarjejeniyar 1854 suka miƙa wa gwamnatin Amurka wannan yanki, amma suka riƙe haƙƙinsu na farauta da su da tsinkar abin daji, kuma har yau al'ummomin Grand Portage da Bois Forte da Fond du Lac suna nan suna amfani da shi. Shinkafar ruwa da ke fitowa da kanta a bakin tafkuna, manoomin, abincinsu ce mai daraja, ana kaɗe ta da sanduna biyu zuwa cikin kwalekwale a ƙarshen bazararsu.

A Tafkin Hegman na Arewa, kusa da garin Ely, akwai zanensu da jan launi a jikin dutse daf da ruwa: mutum ya ware hannuwa, da babbar dabba mai ƙaho, da kwalekwale a sama. Ana isa a yini guda a dawo. Don Allah kada a taɓa, kada a watsa masa ruwa don hoto ya fito. Ba ado ba ne a wurin masu shi.

Bayansu ne fataken fata suka zo a ƙarni na 18, galibi masu jin Faransanci daga Kanada. Su kan ɗauki ƙunshi biyu a lokaci guda, kowanne kusan kilo 40, su bi hanyar Grand Portage mai tsawon kilomita 13 da rabi.

Sai da izini ake shiga?

Ƙwarai. Daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba, duk mai son kwana a ciki sai ya sami takardar izini ta wata mashiga takamaimai, a wata rana takamaimai, kuma kowace mashiga tana da adadin ayarin da za ta karɓa a yini. Ana buɗe rajista a ƙarshen Janairu a shafin recreation.gov, mashigai masu farin jini kuwa kan ƙare da wuri. Ayari ɗaya ba ya wuce mutum 9 da kwalekwale 4. Ba a shiga da abinci ko abin sha na gwangwani ko kwalba. Ba a kwana sai a zangon da hukuma ta ware, inda za ka tarar da murhun ƙarfe da masai. Ba a sare ɗanyen itace, ba a ɓare ɓawon bishiya. Duk sharar da ka shiga da ita da kai za ta fito.

Wasu 'yan'uwa kan ce dokar ta yi yawa. Ni ban gani haka ba. Dokar dazuzzukan da ba a taɓawa ta 1964 da kuma ta 1978 wadda aka yi wa wannan daji shi kaɗai, sai da aka sha dogon rikici da masu yankan katako da masu masaukai da masu jiragen inji kafin su tabbata. Su ne suka sa har yau za ka isa zango ka same shi ba leda ko ɗaya, alhali wani ayari ya tashi daga nan da safe.

Namun daji fa? Ba za su cinye mutum ba?

Wannan ce tambayar farko a bakin kowa, kuma ba nan hatsarin yake ba. Akwai kyarkeci. Lokacin da aka kusa ƙarar da shi a sauran jihohin Amurka ban da Alaska, a wannan yanki ne ya tsira, har aka buɗe cibiyar nazarinsa a Ely a 1993. Amma gudun mutum yake yi. Mai sa'a ne ke jin kukansa da dare, ganinsa kuwa sai wanda ya dace ƙwarai.

Akwai baƙar beyar, wata ƙatuwar dabba mai gashi da farata. Ita ba kai take nema ba, jakar abincinka take so, kuma hancinta ba ya kuskure. Sai a rataye jakar a reshe, kusan mita 4 daga ƙasa, mita 2 daga jikin bishiyar, ko a zuba abincin a ganga ta musamman da ba ta iya buɗewa. Ko man goge baki kada ya kwana a tanti. Akwai kuma mus, wata dabba da ta fi doki tsawo, mai faffaɗan ƙaho kamar faranti, tana kiwo a fadama. In ka ga uwa da ɗanta, ba su wuri da nisa.

Waɗanda za su dame ka na haƙiƙa ƙanana ne. Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni akwai wani ɗan baƙin ƙuda mai cizo har jini ya fito. Yuni da Yuli kuma na sauro ne, mai yawan da ko a bakin fadama da damina ban taɓa ganin irinsa ba. Ba ya sa maleriya, wannan kam a kwantar da hankali. Kaska ce abin lura, domin wata irinta tana ɗauke da cutar Lyme, don haka a duba jiki kowane dare.

To mene ne ainihin hatsarin?

Ruwan sanyi da iska. Ina roƙon mai karatu ya tsaya a nan ya karanta da kyau.

Tafkunan nan a daskare suke duk hunturu, ƙanƙarar ba ta narkewa sai ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. A watan Mayu rana na iya fitowa fes har ka cire rigar sanyi, alhali ruwan da ke ƙarƙashinka bai fi 'yan maki sama da daskarewa ba. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa, numfashi ne ke fara ƙwace masa, yana haki ba da sonsa ba, yana iya shaƙar ruwa tun a daƙiƙun farko. In ya tsallake wannan, cikin 'yan mintuna hannu da ƙafa su daina jin magana. Iya iyo ba ya fid da mutum a nan. Ko ɗan Sarkawan da ya tashi a bakin kogi a Yawuri bai saba da irin wannan ruwan ba.

Saboda haka rigar kariya daga nutsewa a jiki take zama, a ɗaure, duk lokacin da kake kan ruwa. Ba a ƙarƙashin wurin zama ba, ba a bayan jaka ba. Mun sha jin labarin jiragen ruwa da suka kife a kogunanmu na gida da rayukan da suka salwanta don babu wannan riga. Ga ta nan an ba ka a hannu, babu dalilin ajiye ta.

Iska kuma kan taso da rana tsaka a manyan tafkuna. Na taɓa zama yini cur a wani tsibiri ni da abokan tafiya biyu, kaya a ɗaure, muna kallon igiyar ruwa na farin kumfa, ba mu motsa ba sai da ta lafa gab da magariba. Ɗayanmu yana da aiki washegari, ya matsa mu tafi, sauran muka ƙi. Har yau ina gode wa Allah da muka ƙi. Ka bar kwana guda na rara a lissafinka saboda irin wannan rana. Ka tuƙa kusa da gaɓa. Ka fita da sassafe kafin iska ta farka. In ka ji tsawa, fita daga ruwa. Kuma duk inda taswira ta nuna a sauka a ɗauki kwalekwale a gefen ruwa mai gudu, a sauka, ba banza aka fitar da hanyar ba.

Dajin kansa yana da nasa fushi. Ranar 4 ga Yulin 1999 wata guguwa ta kwantar da miliyoyin bishiyoyi cikin ɗan lokaci. Gobarar Tafkin Ham ta 2007 daga wutar zango ta tashi. Ta Pagami Creek a 2011 tsawa ce ta kunna ta, ta cinye fiye da eka 90,000. Kafin ka bar murhu, kashe wutar da ruwa, ka motsa tokar har ta yi sanyin da za ka iya sa hannu.

Waya tana aiki?

A galibin dajin ba ta yi. Taswirar takarda da kamfas su ne idonka, kuma babu alluna a kan hanyoyin. Ana samun hayar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Ka bar wa wani a gari sunan mashigarka da ranar fitowarka.

Salla da tsarki da abinci, yaya Musulmi zai yi?

Ban taɓa samun matsala ba, sai dai akwai abubuwan da ya kamata a sani. Alƙibla daga Minnesota arewa maso gabas take, ba gabas ba kamar yadda muka saba a gida, kamfas ɗin taswira ya wadatar. A ƙarshen Yuni rana kan fito da biyar da 'yan mintuna, ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, yini ya kai awa 16. Ke nan lisha tana yin nisa, asuba kuma tana zuwa da wuri sosai. Rubuta lokutan a takarda kafin ka shiga, tunda wayar ba za ta taimaka ba.

Ruwan alwala kuwa ga shi har ya yi yawa. Sai dai ba a sa sabulu a tafki, ko wanda aka ce ba ya cutarwa. Ka ɗebi ruwa a buta ka yi nisan kusan mita 60 daga gaɓa ka yi wanka ko wanke-wanke. Masan zango kujera ce kawai a kan rami, can cikin itatuwa, ba bango ba rufi, amma a ɓoye take. Buta ta roba mara nauyi tana cikin kayan da ba na mantawa. Na sha kuwa, kome kyan ruwan a ido, a tace shi ko a tafasa, domin akwai ƙwayar cutar giyadiya mai sa gudawa.

Masu ba da hayar kaya kan haɗa har da abinci, kuma naman alade yana da yawa a cikin nasu, don haka ka faɗa musu tun da wuri ko ka yi naka guzurin. Wani farin alewa mai laushi da suke gasawa a wuta da dare, galibi da sinadarin alade ake yinsa. Guzurinmu na gida kamar don wannan tafiya aka yi shi: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, yaji, shinkafa, dambun nama. Ba a yarda a shigo Amurka da nama daga gida ba, saboda haka kada a ce a aiko da kilishi. A Minneapolis, birni mafi girma a jihar, akwai shagunan naman halal da yawa, albarkacin 'yan Somaliya da ke can, sai ka saya ka yi dambunka. In kuma ka sayi lasisin kamun kifi na jihar, kifin da suke kira walleye, a soya shi da yaji a bakin tafki minti talatin bayan an fito da shi, ba ya buƙatar komai kuma.

Ni da iyali ne, ba za mu iya kwana a daji ba. Akwai abin da ya rage mana?

Akwai da yawa. Daga Minneapolis zuwa Duluth tafiyar awa biyu da rabi ce a mota. Daga nan titi mai lamba 61 ya bi gaɓar Tafkin Superior har iyakar Kanada, ruwa a damanka, duwatsu da daji a hagunka. Matsirgar Gooseberry 'yar taku ce daga inda ake ajiye mota, yara ma suna isa. Gaba kaɗan akwai hasumiyar fitila ta Split Rock a kan gaɓar dutse mai tsayi, wadda aka kunna a 1910 bayan guguwar Nuwambar 1905 ta farfasa jirage masu yawa a tafkin. Garin Grand Marais ƙarami ne mai tashar jiragen ruwa, daga nan titin Gunflint ya shiga daji kilomita 90, da masaukai a bakin tafkuna inda za ku hau kwalekwale da rana ku kwana a ɗaki. A can ƙarshe, daf da iyaka, matsirgar Kogin Pigeon tana zubowa daga tsayin kusan mita 36, kuma hanyar zuwa kallonta shimfiɗaɗɗiya ce. Mai ƙarfin ƙafa yana iya hawa Dutsen Eagle, mita 701, wuri mafi tsayi a jihar.

A riƙe yara sosai a bakin Superior. Ruwansa da sanyi ko a tsakiyar bazara.

Wane lokaci ya fi?

In ni za a tambaya, daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba. Sauro ya ragu, ruwa ya ɗan yi ɗumi, dare ya fara tsawo. A 2020 aka sa dajin cikin wuraren duniya da aka amince da duhun samaniyarsu, kuma taurarin da ka gani a can sai su tuna maka kwanan tsakar gida a ƙauye kafin zuwan lantarki. Wani dare, in an dace, hasken nan kore mai rawa yakan bayyana a sararin arewa. Ƙarshen Satumba kuma ganye ke juyawa ja da ruwan ɗorawa, amma dare ya fara cizo.

Hunturu wata duniya ce daban. Ana tafiya a kan tafkin da ya daskare, ana huda ƙanƙara a kama kifi, karnuka na jan keken kan ƙanƙara. A garin Tower, kusa da Ely, an auna sanyin maki 51 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius ranar 2 ga Fabrairun 1996. Wanda bai taɓa yin hunturu a jihar ba kada ya fara da wannan sai da jagora.

Na ji ana rikici a kan haƙar ma'adinai a wurin.

Gaskiya ne. Kamfanin Twin Metals, mallakar Antofagasta na ƙasar Chile, yana son haƙar tagulla da nikel kusa da Ely, a wajen iyakar dajin amma a saman ruwan da ke gangarowa cikinsa. Masu goyon baya suna maganar aikin yi, kuma yankin ya daɗe yana rayuwa da haƙar tama, ba za a raina damuwarsu ba. Masu adawa suna cewa dutsen da ke ɗauke da tagullar yana da farar wuta a jikinsa, in ya haɗu da iska da ruwa sai ya fid da guba mai tsami, tafkunan kuwa duk a sarƙe suke da juna, abin da ya shiga ɗaya zai bi sauran har Kanada. A 2023 gwamnatin tarayya ta hana sabon haƙa a kusan eka 225,000 na tsawon shekara 20, amma taƙaddamar ba ta kwanta ba, tana juyawa duk lokacin da mulki ya sauya hannu. Ni ina tare da masu son a bar ruwan yadda yake. Na ga rafukan da haƙar ma'adinai ta lalata, ban taɓa ganin wanda aka mayar yadda yake a da ba.

Ban taɓa riƙe filafili ba. Ta ina zan fara?

Kira ɗaya daga masu ba da hayar kaya a Ely ko Grand Marais ko Tofte, ka gaya musu gaskiya cewa kai sabo ne. Za su zaɓa maka mashiga mai ƙananan tafkuna, su ba ka kwalekwale da tanti da jaka da taswira, su nuna maka yadda ake ɗaga kwalekwale kafaɗa da yadda ake rataye abinci. Kwana biyu ko uku sun isa a karon farko, a zango ɗaya, ana fita yawo da rana ana dawowa. Ku kasance aƙalla mutum uku ko huɗu, in da hali har da wanda ya taɓa zuwa. Kada ka sa wandon jins ko rigar auduga a kan ruwa, in sun jiƙe ba sa bushewa kuma suna janye ɗumin jiki. Ka tanadi takalmi biyu, ɗaya na shiga ruwa, ɗaya busasshe na zango, da safa ta ulu a cikin leda wadda ba za ka taɓa ba sai lokacin kwanciya.